In Ka Ga Milhem, Ka Karya Hagu

A Safarjal, can saman tsaunukan da ke bayan Batrun, babu titin da yake da suna, kuma rashin sunan bai taɓa hana kowa barci ba. Hanya ɗaya ce ta hauro daga bakin teku. Tana fara ratsa Unguwar Ƙasa, inda idon ruwa da gidan gurasar Adiba suke, sannan ta iso wani gidan mai da aka rufe tun lokacin yaƙi, a nan ta rabu biyu. Wadda ta miƙe tana hawa zuwa gidan sufaye a ƙololuwar tudu. Ta hagu kuwa ita ce ta shiga Unguwar Sama, inda coci da zauren biki da gidan mai unguwa da yawancin gidajen mutane suke.

A ƙarƙashin rumfar wannan gidan mai ne Milhem Abi Shadid, wanda kowa ke kira Abu Farsan, yake zama. Da can tashar tasinsa ce. Da ido ya fara gaza masa ya sayar da motar, amma bai sayar da wurin zaman ba. Kullum da safe zai fito daga gidansa a Unguwar Sama da farar kujerar roba a hammata, ya dasa ta, ya zauna, ya murza gashin bakinsa wanda ya yi fari fat ya kuma miƙe gefe da gefe kamar ƙahon sa. Duk motar da ta hauro sai ta rage gudu a gabansa, direban ya leƙo, ya dube shi da kyau, ya danna ham, ya wuce. Milhem yakan ɗaga hannu cikin ƙasaita. Ya sha gaya wa matarsa Zalfa cewa har yanzu direbobin ƙasar nan, daga Tarabulus har Zahle, ba su manta da shi ba.

Likita ne ya ɓata komai. Ya duba ƙafafun Milhem da suka kumbura, ya ce zama ya yi yawa, dole ya riƙa tattaki. Milhem ya so ya bar maganar a asibiti, amma Zalfa na wurin, kuma ita ba ta barin komai a ko'ina. Washegari ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in ta sake jin an gan shi a gidan mai, to ya nemi mai dafa masa abinci a can. Sai ya ɗauki kujerarsa, don bai san yadda ake fita babu ita ba, ya wuce mararraba ba tare da ya waiwaya ba, ya gangara har idon ruwa. Can numfashi ya ƙare masa. Ya dasa kujerar a bakin hanya ya zauna.

Bai daɗe ba sai ga babbar mota ɗauke da siminti. Direban ya rage gudu, ya dube shi, ya danna ham, ya karya hagu. A hagun kuwa babu hanya, lambun Adiba ne. Motar ta ture shinge, ta bi ta kan kabeji da tumatir, ta tsaya da hancinta a cikin bishiyar ɓaure. Adiba ta fito daga gidan gurasa da gari har gwiwar hannu, ta tsaya tana kallo, ta ma rasa wanda za ta fara zagi. Direban ya sauko yana rantsuwa cewa shi kwatancen da aka ba shi ya bi. Milhem ya ce a ransa yaran zamani ba su iya tuƙi ba, ya ja kujerarsa gaba kaɗan don kada ƙura ta same shi.

Ranar Asabar abin ya fi haka. Ayarin masu kawo amarya daga wani gari, motoci a jere da furanni da ganguna, suka same shi zaune kusa da maƙabartar Unguwar Ƙasa. Ta farko ta karya hagu, sauran suka bi ta. Sai da suka shiga ciki sosai, mata na guɗa, kafin wani ya lura cewa gidajen unguwar nan sun cika ƙanƙanta. Uwar amarya ta suma. A can coci kuwa ango yana tsaye da furanni a hannu har rana ta karkata, danginsa sun fara raɗa cewa yarinyar ta gudu.

Da yamma mai unguwa Barbar ya zo gidan Milhem. Mutum ne mai son a ce ya iya magana, saboda haka sai da ya sha gahawa, ya yabi inabin da ke rataye a tsakar gida, ya tambayi lafiyar Farsan, ɗan Milhem da ke Ostireliya, sannan ya shigo zancen. Ya ce jama'a suna roƙon Abu Farsan ya koma wurin zamansa. Milhem ya ji daɗi, ya ce ya san za a yi kewarsa, amma lafiya ce gaba.

"Ba kewa ba ce, Abu Farsan," in ji Barbar. "Kai ne kwatancen. Duk wanda zai zo garin nan, abin da ake ce masa ke nan: ka hauro, ka wuce idon ruwa, in ka ga wani tsoho mai gashin baki a kan farar kujera, ka karya hagu."

Milhem ya tambaya tun yaushe ake haka. Barbar ya ce shi dai ko da ya karɓi unguwa haka ya tarar. Ya ce mai kawo gas da haka yake zuwa, mai motar asibiti ma haka, har limamin da aka turo bara da haka ya gane cocinsa.

"To, ham ɗin da suke danna mini fa?"

"Murna ce, sun gane hanya."

Zalfa da ke kwashe kofuna ta juya baya da sauri, kafaɗunta na rawa saboda dariyar da take ɓoyewa. Milhem ya gan ta. Ya miƙe ya ce wa mai unguwa shi mutum ne, ba dutsen kan hanya ba, kuma ya yi shekaru yana ɗaga wa mutane hannu ashe su allon kwatance suke kallo. Ya ce su je su kafa allo. Daren nan bai taɓa abincinsa ba.

An kuwa gwada allon. Sai dai tun kafin a sayi fenti rigima ta tashi. Mutanen Unguwar Ƙasa suka ce in za a rubuta sunan Unguwar Sama, dole a rubuta nasu, kuma nasu ne zai hau sama tunda su ake fara tararwa. Mutanen Unguwar Sama suka ce sunansu da kansa ya faɗi inda ya kamata ya zauna. Sufaye suka aiko cewa su ba su da ta cewa, amma a tuna gidansu ya girmi unguwannin biyu. Ƙarshe aka kafa allon babu rubutu, da sharaɗin za a cike shi in an daidaita. Wani ya ɗaure akuyarsa a jiki.

Milhem ya ci gaba da tattakinsa, yanzu da gayya. Inda ya ga dama nan yake zama. Ya aika mai kifi cikin garken awaki, ya aika wani mai neman aure gidan wata gwauruwa da ba ita aka nufa ba, kuma an ce ba a kore shi ba. Adiba ce ta fara gane cewa akwai alheri a cikin masifar. Wata safiya Milhem ya zauna daidai gefen gidan gurasarta, sai motoci suka riƙa karyowa hagu suna shigowa farfajiyarta ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya shigo kuma, ƙamshin gurasa mai garin ganyen za'atar da man zaitun ba ya barinsa ya fita hannu wofi. Kafin azahar ƙullunta ya ƙare. Washegari ta share wurin, ta kafa laima, ta ajiye matashi. Da Milhem ya iso ta tare shi da fara'ar da bai taɓa gani a fuskarta ba, ta ce Baffa Abu Farsan ya huta mana, tafiyar nan ai sai ta kashe mutum. Ta kawo masa gurasa mai cuku da zafinta, ba ta ko ambaci kabejinta ba.

Ya san abin da take yi, amma gurasar ta yi daɗi. Ya zama kullum can yake yini. Ƙafafunsa suka ƙara kumbura, wandonsa ya matse. Unguwar Sama ta koma kamar an yi ƙaura, gas ba ya zuwa, baƙi ba sa zuwa, mai zauren biki ya fara maganar sayar da kujerunsa. Matan unguwar suka daina gaida Zalfa a coci. Mahauci ma, da ya ga abin da Adiba ke samu, ya fara aiko wa Milhem da tsire yana tambaya ko ba zai gwada inuwar shagonsa ba.

Ana cikin haka lokacin aikin idonsa ya zo. Yanar ido ce ta rufe masa duka biyun, likita ya ce za a fara da na dama a wani asibiti a Tarabulus, zai kwana biyu. Barbar ya ga dama ta samu. Ya je ya lallashi Sam'an, ɗan baffan Milhem, wanda shi ma yake da gashin baki ko da bai kai na Milhem ba, ya zauna a gidan mai har mai wurin ya dawo. Milhem ya ji labari ya ce su ƙarata, Sam'an ko zama bai iya ba.

Ranar sallama aka fito da shi da bandeji a idon dama, na hagun kuwa ba ya ganin komai sai hazo. Zalfa na riƙe da hannunsa. Ita kuma tana da nata ciwon: tun ranar da aka kai ta gidan miji, in ta shiga mota sai ta rufe ido ta ɗora hankici mai ƙamshin lemo a fuska, ba ta buɗewa sai an ce an iso, don in ta kalli hanya cikinta juyawa yake. Suka ɗauki tasin wani mutumin Tarabulus mai suna Misbah, mai sanyin hali, wanda bai taɓa jin sunan Safarjal ba. Ya leƙa ya tambayi sauran direbobi a bakin asibiti. Uku suka amsa masa a tare, cewa ya hau daga Batrun, in ya ga tsoho mai gashin baki a kan farar kujera ya karya hagu.

"Ni ne tsohon," in ji Milhem daga kujerar baya.

Misbah ya dube shi ta madubi. "To, Baffa, in kana nan, a kan wa zan karya?"

Milhem ya ce an ajiye wani a madadinsa, ya ja mota kawai.

Abin da bai sani ba shi ne, ba mai unguwa kaɗai ya yi wannan dabarar ba. Adiba ta zaunar da mijinta Nakhle a ƙarƙashin laima, ta hana shi aski tun ranar da ta ji zancen asibiti. Mahauci ya ɗauko kawunsa kurma ya dasa a bakin lungun da ke bayan gidan gurasa. Mai gyaran taya a ƙarshen lungun bai da tsoho a gidansa, sai ya ari surukin maƙwabcinsa, ya saya masa kujera sabuwa.

Misbah ya hauro, ya ga tsoho a farar kujera, ya danna ham, ya karya hagu. Ya tsinci kansa a farfajiyar gidan gurasa, wata mata na yi masa murmushi da faranti a hannu. Ya ɗauka hanya ce ta ratsa, ya bi ta ƙofar baya. Sai ga wani tsohon, shi ma a farar kujera. Ya karya hagu. A ƙarshen lungu ga na uku yana gyangyaɗi. Misbah mutum ne mai bin umarni, ya sake karya hagu. Hanya ta yi kyau, ta fara gangara, ya saki mota yana jin daɗin iska. Can Milhem ya ɗaga hanci ya shaƙa, ya tambaya me ya sa yake jin ƙarnin kifi. Misbah ya ce ai ga teku nan a gabansu, ya kuma yaba wa garinsu da yawan dattawa masu kama da juna.

Da Milhem ya gane abin da aka yi, sai da jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce wato bai ko mutu ba an raba gadonsa. Ya umarci Misbah ya juya, kuma kada ya sake kula kowane tsoho, ko da ya ga mahaifinsa ne a kan kujera. Ya ce shi ya tuƙa wannan hanyar tun kafin a haifi Misbah, ya san ramukanta kamar haƙoransa. Akwai wani babban rami daf da mararraba, da zarar ya ji motar ta faɗa zai ce a karya.

Suka sake haurowa. Suka wuce Nakhle yana ɗaga hannu. Milhem ya zauna tsaf, ya dafe kujera da hannu biyu, yana jiran rami. Ramin kuwa an cike shi shekaranjiya, saboda zaɓe ya matso kuma wani ɗan takara zai zo taro. Motar ta wuce sumul. Misbah ya ga wani tsoho a gidan mai ya miƙe tsaye yana nuna hagu da hannu biyu har kujerarsa ta faɗi, amma an ce kada ya kula, bai kula ba. Suka yi ta hawa, iska ta yi sanyi, kunnuwa suka toshe. Zalfa daga ƙarƙashin hankici ta tambaya ko an mayar da gidansu Siriya ne. Milhem ya ce ta yi shiru, ramin na gaba.

Hanyar ta ƙare a ƙofar gidan sufaye. Wani sufi tsoho da ke ba kaji hatsi ya matso, ya yi musu maraba. Misbah ya gaishe shi da ladabi ya tambayi hanyar Unguwar Sama. Sufin ya ce ai da sauƙi, su koma ƙasa, in sun ga wani tsoho mai gashin baki a kan farar kujera... Sai ya tsaya ya yi tunani, ya ce tunda daga sama suke, wannan karon dama za su karya. Ya ƙara da cewa mutumin kirki ne, ko da yake an ce kwanan nan ya ɗan taɓu.

Milhem ya buɗe ƙofa ya fito yana laluben iska, ya kira sufin da sunan girmamawar da ake kiran sufaye da shi. "Abuna, dube ni da kyau. Wa ka gani?"

Sufin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce Allah ya ba shi lafiya, amma bai waye shi ba. Misbah ya hango wata kujerar roba a gindin bango, ya ɗauko, ya zaunar da Milhem a kai. Nan take fuskar sufin ta washe.

"Abu Farsan. Kai ne? Me ya kawo ka nan? To yanzu wa ke can?"

Milhem ya ci gaba da zama a kujerar, hannuwansa a gwiwa, kaji na kewaya ƙafafunsa. Fushin ya sauka, wani abu mai nauyi ya maye gurbinsa. Ya ce, ba da kowa yake ba, ashe in ya tashi tsaye babu wanda ya san shi. Zalfa ta ji muryarsa, ta san ba muryar faɗa ba ce. Ta cire hankicin, ta fito daga mota, ta je ta kama hannunsa ta ce ya tashi, ita ta san shi a tsaye da zaune da kwance yana minshari, kuma ita za ta kai shi gida.

Ta shiga gaba kusa da Misbah, ta buɗe ido tangararau, ta riƙe leda a cinya saboda ko-ta-kwana. Motar ta fara gangara. A kwanar farko ta yi salatin Maryama. A ta biyu ta sassauta riƙon ledar. A ta uku ta ce wa Misbah ya rage gudu, ba don cikinta ba, sai don ta ga abin da ke gabanta: gonakin zaitun hawa-hawa har ƙasa, jan rufin cocinsu, Batrun can a kwance, teku kuma ya cika rabin duniya. Ta juyo ta tambayi Milhem ko dama haka hanyar nan take tun da can. Ya ce haka take. Ta ce shi ne bai taɓa gaya mata ba, sai labarin ramuka.

A mararraba ta sa aka tsaya. Sam'an ya taho da gudu yana cewa shi ya gaji, wuyansa ya ƙage, kuma wani yaro ya jefe shi da ɓawon lemo ya ce masa na jabu. Ya ajiye kujerar ya tafi ko sallama babu. Zalfa ta nuna dama, Misbah ya karya, suka iso gida ana shirin cin abincin rana. Ba ta bar shi ya tafi ba sai da ya ci kibbe, wato curin nama da alkama, da kindirmo, ta kuma cika masa leda da inabi.

Da idon ya warke aka yi na biyun, Milhem ya koma gidan mai, amma bisa sharaɗinsa. Da safe zai yi tattaki babu kujera, don kada a bi shi. In ya dawo ya zauna, duk direban da ya danna ham bai yi sallama ya ambaci sunansa ba, zai juya masa baya, kuma an gano cewa in ya juya baya mutane rikicewa suke su wuce gidan sufaye. Direbobi suka koyi sunan da sauri. Mahauci ya mayar da kawunsa gida, mai taya ya mayar da surukin aro. Nakhle ne kawai ya ƙi tashi. Ya ce tunda ya yi aure bai taɓa samun aikin da Adiba ke kawo masa abinci yana zaune ba. Dole kwatancen garin ya canza: ka wuce tsoho na farko, na gurasa ne, ka karya a kan na biyu.

Zalfa kuwa ta karɓi lambar Misbah. Duk Lahadi bayan coci yakan hauro ya ɗauke ta da ƙawayenta biyu. Sun je Jubail, sun je ganin itatuwan al'ul, sun je wani ƙauye da ta ji ana yabon tuffarsa tun tana yarinya. Ta sha cewa Milhem ya zo su tafi, yakan ce Lahadi ce ranar da baƙi suka fi yawa, ba zai bar wurin ba. In sun dawo da yamma takan sa Misbah ya tsaya a gidan mai, ta miƙo masa abin da ta sayo ta taga, ta ce ya ɗauko kujerarsa ya shigo haka nan, abinci zai huce.